Yadda Ake Gwada Iskar Radon a Gidajen Ƙauye, da Abin Yi Idan Ta Yi Yawa

Duk ƙasar da aka ɗora gida a kanta tana fitar da wata iska mai suna radon. Ba ta wari, ba ta da launi, ba ta sa tari ko hawaye, don haka mutum sai ya tsufa yana kwana a cikinta bai sani ba. Tushenta yuraniyom ne, wanda akwai shi kaɗan-kaɗan a cikin kowane dutse da kowace ƙasa. A hankali yake rikiɗewa har ya zama radiyom, radiyom kuma ya haifar da radon, ita kuwa da yake iska ce sai ta bi ƙofofin ƙasa ta fito. A fili ba ta da wani tasiri, nan take iska ke watsa ta. A ɗakin da aka rufe ne take taruwa. Idan an shaƙe ta, burbushin da take bari yana manne wa hanyoyin numfashi, yana harba wani tururi da ido ba ya gani, irin na nukiliya, da ke lalata ƙwayoyin huhu, kuma bayan shekaru masu yawa wannan ɓarnar na iya zama ciwon daji.

Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa radon cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam wannan ciwo. Hukumar ta ce ita ce sanadin kashi 3 zuwa 14 cikin ɗari na ciwon dajin huhu, gwargwadon ƙasa da yawan masu shan taba a cikinta. Bayan sigari, babu abin da ya kai ta.

Waɗanda ya kamata su fi sa ido su ne mazauna ƙasar dutsen giranit da wuraren haƙar ma'adinai: ƙauyukan Jos, Bukuru da Barikin Ladi inda aka yi fiye da shekara ɗari ana haƙar kuza, Riruwai a kudancin Kano, duwatsun Damagaram, yankin Arlit da Akokan inda aka haƙi yuraniyom tun shekarun 1970, da Poli a arewacin Kamaru. Dutsen waɗannan wurare ya fi ƙasar jigawa yawan yuraniyom da toriyom, wani ma'adini mai fitar da tururi kamarsa. Amma zama a kan irin wannan dutse bai nuna kowane gida na da matsala ba, kuma gida biyu da katanga ɗaya ta raba su na iya bambanta ninki goma. A 1984, a jihar Pensilbaniya ta Amurka, wani injiniyan tashar nukiliya ya riƙa tayar da ƙararrawar na'urar bincike yana shiga aiki, ba yana fita ba. Da aka bi sawu, sai aka tarar daga gidansa yake kwaso abin, radon ɗin gidan ta kai wajen bekerel 100,000 (bekerel shi ne ma'aunin radon, bayaninsa na tafe), alhali wasu gidajen da ke kusa ba su da wani abin tashin hankali. Shi ya sa gwajin maƙwabci ba ya isar wa kowa.

Mataki na 1: Ku san lambar da kuke nema

Ana auna radon da bekerel a kowace mita kubik ta iska, wato iskar da za ta cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. A takardar sakamako za ku ga an rubuta Bq/m³. A waje yawanci tsakanin 5 ne da 15. Matsakaicin ɗakunan duniya kusan 40 ne. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawarar su ɗauki 100 a matsayin iyaka, inda hakan ya gagara kuma kada a wuce 300. Birtaniya da Kanada suna aiki da 200. Amurka tana da nata ma'aunin, pCi/L, kuma iyakarta 4 ce, daidai da bekerel 148. Idan na'urar da ta zo hannunku da ma'aunin Amurka take aiki, ku ninka lambar sau 37.

Mataki na 2: A haɗa kai, a fara daga ƙofar mai unguwa

A ƙauye bai dace mutum ɗaya ya ɗauki wannan aiki shi kaɗai ba. Ɗakunan gwaje-gwaje sun fi sauraron wanda ya zo da gida 30 fiye da mai gida ɗaya, kuɗin mota zuwa birni kuma sau ɗaya za a biya. Ƙungiyar ci-gaban gari ko ta manoma ta isa ta riƙe aikin, a yi karo-karo, a sa ma'aikacin ƙaramin asibitin garin ko wani malamin makaranta ya riƙe littafi.

Kafin a shiga gidan kowa, a sanar da dagaci da mai unguwa, a yi bayani a masallaci da coci. Wanda ya raina wannan mataki zai sha wahala. Ka ce za ka rataye wani baƙin ƙoƙo a ɗakin matar mutum har wata uku, dole a tambaye ka ko kyamara ce, ko wani abin asiri. Maganin wannan shi ne a sadaukar da na'ura ɗaya, a buɗe ta a gaban jama'a kowa ya ga babu komai ciki sai ɗan guntun roba. A kuma sa mata cikin masu aikin, domin su ne za su shiga gidajen da maza ba sa shiga, su ne kuma suka san ɗakin da ake kwana da gaske da wanda ya koma wurin ajiyar hatsi.

Idan na'urorin ba za su ishi kowa ba, a fara da gidajen da aka gina a kan falalen dutse ko a gindin tsauni, da waɗanda ke kusa da tsofaffin ramukan haƙa, da ɗakunan da daɓensu ya nutse ƙasa da tsakar gida, da gidan da ke da mai shan taba. Sai kuma sababbin gidajen bulo masu silin da tagar gilashi. Mutane sukan ɗauka ɗakin ƙasa mai jinka ne abin tsoro. A ganina sau da yawa akasin haka ne: bukka tana shan iska ta ko'ina, shi kuwa ɗakin zamani da aka toshe shi tsaf, daɓensa kuma ya tsage, shi ne mai tara abin da ƙasa ta fitar. Kada a manta da ajin makaranta da ɗakin kwanan almajirai.

Mataki na 3: Zaɓen na'ura

Iri uku ne za ku ci karo da su.

Akwai ta gawayi, wadda ake ajiyewa kwana 2 zuwa 7. Ban ba ku shawarar ta ba. Rabin radon yana ɓacewa duk bayan kwana 3.8, saboda haka dole gawayin ya isa ɗakin gwaji cikin 'yan kwanaki, laima kuma tana ɓata shi. Kafin ya bar ƙauye ya kai inda za a karanta shi, abin da ya zuƙa ya tafi.

Akwai mai guntun roba, wadda masana ke kira CR-39. Ita ce ta dace da ƙauye. Ba ta son batir, ba ta son wuta, ba ta ƙara. Iska tana shiga ƙoƙon a hankali, duk tururin da ya bugi robar sai ya bar mata tabo wanda ido ba ya gani. Bayan wata uku ana mayar da ita ɗakin gwaji, a jiƙa robar cikin ruwan soda mai zafi har tabban su buɗe, a ƙirga su da madubin likita. Tabon ba ya gogewa, don haka jinkirin hanya ba ya ɓata aikin muddin an rufe ta da kyau.

Ta uku ita ce ta lantarki mai batir, irin su Corentium Home na kamfanin Airthings, wadda ke nuna lamba a fuskarta: ta yini ɗaya, ta mako, da ta dogon lokaci. Tana da tsada, amma ana sake amfani da ita. Matsalarta lissafi ne. Idan kowane ɗaki zai riƙe ta mako biyu, a wata uku ɗaki shida kacal za ta zagaya. Amfaninta na gaske yana zuwa daga baya, wajen duba ko gyaran da aka yi ya ci.

Inda za a nema: a Najeriya a tuntuɓi sashen fiziks na jami'ar da ta fi kusa, ko Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Ƙasa, wato NNRA, wadda ke da cibiyar binciken kariya daga tururi a Jami'ar Ibadan. A Nijar akwai cibiyar binciken sinadarai masu tururi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, a Gana kuma Hukumar Makamashin Nukiliya da ke Kwabenya. Ɗaliban digiri na biyu da na uku sukan nemi garin da za su yi irin wannan awo. Idan kun dace da su, ku kafa sharaɗi tun farko cewa kowane mai gida za a kawo masa sakamakonsa a rubuce. Idan kuma daga waje aka sayo na'urorin, a tabbata kuɗin karantawa yana cikin farashin.

Mataki na 4: Lokaci

Radon ba ta tsayawa wuri ɗaya. Takan hau da dare ta kai ƙololuwa wajen asuba, ta sauka da rana idan an buɗe ƙofofi. Dalili kuwa shi ne iskar ɗaki mai ɗumi tana tashi sama ta fice ta rufi, ɗakin kuma ya zuƙo madadinta ta ƙasa, kamar yadda murhu ke jan iska ta gindi hayaƙi ya fita ta sama. Duk lokacin da ɗaki ya fi waje ɗumi, kuma ƙofa da taga suna rufe, wani ɓangare na abin da yake zuƙowa daga cikin ƙasa yake fitowa.

Saboda haka awon kwana biyu ba ya faɗin gaskiyar gida. Mafi ƙaranci wata uku. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, daga farkon Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, sa'ad da ake toshe tagogi da tsumma ana kwana a ƙulle. Awon bazara yaudara ne, domin ƙofa a buɗe take, rabin gidan ma a tsakar gida yake kwana. A tsaunin Jos, inda damina ma sanyi ne da ita, yana da kyau a sake wani zagayen daga Yuni zuwa Agusta, a haɗa biyun a raba.

Mataki na 5: Ajiye ta a ɗaki

Na'urar tana zuwa a like cikin jakar gwangwani mai sheƙi. Da an yage jakar ta fara aiki, don haka ba a buɗewa sai a cikin ɗakin da za a gwada. A adana jakar, za a neme ta.

Kowane gida na'ura biyu: ɗaya a ɗakin da aka fi kwana, ɗaya a falo ko inda aka fi zama. A gidan gandu mai sassa da yawa, kowane sashe gida ne mai zaman kansa. Idan guda ɗaya ce kawai ta samu, ɗakin kwana za a kai ta. A ɗora ta a kan kabad ko a rataye ta da zare daga azara, tsayin kamar mita ɗaya zuwa biyu daga ƙasa, inda hannun yara ba ya kaiwa. Ta yi nesa da ƙofa da taga da kamar mita ɗaya. Kada rana ta riƙa dukanta, kada ta kusanci kaskon wuta, kada a sa ta a madafa ko banɗaki, kada kuma a jefa ta cikin akwati ko ƙarƙashin kwanuka wai don adanawa. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi faruwa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa.

Bango yana da tasa maganar. A bar aƙalla taƙi ɗaya da rabi, wajen santimita 30, tsakaninta da shi. Radon tana da 'yar'uwa mai suna toron, wadda ke fitowa daga toriyom. Ita rabinta yana ɓacewa cikin ƙasa da minti ɗaya, saboda haka ba ta nisa da inda ta fito, a jikin bangon ƙasa take yawa. Na'urar da aka manna wa bango za ta haɗa biyun ta ba da lambar da ba ta ɗakin ba. A garuruwan kuza toron ba abin rainawa ba ce, domin yashin da ake bari bayan an wanke kuza yana ɗauke da ma'adinai masu toriyom, kuma an sha kwasar sa a yi bulo da filasta saboda yana kusa, ba a saye. Idan gidan da irin wannan yashi aka gina shi, a gaya wa masu gwajin. Akwai na'ura mai ƙoƙo biyu da ke raba radon da toron, kuma bangon kansa yana bukatar wani awon dabam da na'urar hannu, tunda tururin da yake fitarwa kai tsaye ba ya bayyana a gwajin radon. Mutanen Akokan sun san wannan: a 2009 masu bincike na Greenpeace da na wata cibiyar Faransa mai suna CRIIRAD sun nuna cewa tarkacen dutsen mahaƙa da aka zuba a titunan garin yana fitar da tururi fiye da kima.

A littafi a rubuta lambar na'ura, sunan mai gida, wane ɗaki, ranar da aka buɗe, irin daɓe, irin bango da rufi, yawan tagogi, da ko akwai mai shan taba. A cikin kowane ɗaki goma, a zaɓi ɗaya a sa masa na'ura biyu gefe da gefe, domin idan lambobinsu suka yi hannun riga an san akwai matsala a aikin. A kuma bar biyu ko uku a like ba a buɗe ba, su yi tafiya tare da sauran zuwa da dawowa, domin a gane ko na'urorin sun kwaso radon a hanya.

Daga nan sai a ce wa mutanen gida su ci gaba da zamansu yadda suka saba. Kada wani ya riƙa barin taga a buɗe don gidansa ya fito da kyau.

Mataki na 6: Kwashewa

A rubuta ranar da aka ɗauke kowace ɗaya, domin da yawan kwanakin ake lissafi. A mayar da ita jakarta a like da salatif. Ledar kasuwa ba ta tare radon. A tura su cikin mako guda. Wadda aka tarar an fasa ko an sauya mata ɗaki, a rubuta hakan a gabanta.

Mataki na 7: Karanta sakamako

A kai wa kowane mai gida nasa a hannu. Ba a karanta sunaye a dandali, don kada gobe a ce gidan wane akwai guba, a ƙi auren 'yarsa ko a karya kuɗin filinsa. Abin da jama'a ke bukatar ji shi ne gida nawa aka gwada, nawa suka wuce 100, kuma a wace unguwa suka fi yawa.

Ƙasa da 100, babu abin yi. Tsakanin 100 da 300, a yi gyare-gyare masu sauƙi. Sama da 300, a maimaita gwajin don a tabbatar, a kuma shirya gyara na sosai kafin wani hunturun. Idan lambar ta kai dubu, shawarata a kwashe shimfiɗa zuwa wani ɗaki tun yau, musamman ta yara. Ba hatsarin dare ɗaya ba ne, taruwa yake yi shekara da shekaru, amma babu dalilin ƙara masa.

Ga abin da lambobin ke nufi a jikin mutum. Wani babban nazari da ya haɗa bincike 13 na ƙasashen Turai, wanda aka buga a 2005, ya nuna hatsarin yana ƙaruwa da kusan kashi 16 cikin ɗari a kan kowane ƙarin bekerel 100. A cikin mutum 1,000 da ba su taɓa shan sigari ba, wajen 4 ne za su kamu da ciwon dajin huhu kafin shekara 75 ko da babu radon sam, 5 idan ɗakinsu 100 ne, 7 idan 400 ne. A cikin mashaya 1,000 kuwa, lissafin ya zama 100, da 120, da 160. Duk wanda sakamakonsa ya yi sama kuma yana busa sigari, barin tabar ya fi duk wani siminti da zai saya amfani. Wanda kuma yake fama da tarin da ya ƙi ji, ko yake ganin jini a majina, ya je asibiti. Idan an ba shi maganin tarin fuka bai samu sauƙi ba, ya koma ya faɗa, ya kuma tafi da takardar gwajin gidansa.

Mataki na 8: Gyara

Na farko iska. A buɗe ƙananan kafofi biyu a bangaye masu fuskantar juna, ɗaya can ƙasa, ɗaya kusa da rufi, a sa musu raga saboda sauro da maciji. Ta ƙasan ita ce mai muhimmanci: idan ta sama kaɗai aka buɗe, ɗakin zai ci gaba da zuƙo iska daga cikin ƙasa. Su zauna a buɗe har da dare, ko da hunturu, a ƙara bargo. Wannan ma yana maganin wani hatsarin da ya fi radon saurin kisa, wato hayaƙin gawayin da ake kwana da shi a rufaffen ɗaki. A kuma janye gado daga jikin bangon ƙasa, a yi wa bangon filasta da yashi mai kyau a shafa fenti.

Na biyu daɓe. A bi duk tsaga da siminti, musamman inda daɓe ya haɗu da bango, da gefen bututu, da ramukan ɓera da gara. Toshewa kaɗai ba kasafai take isa ba, domin iska na samun wata hanyar, amma tana ƙara wa sauran gyaran ƙarfi.

Na uku shi ne maganin manyan lambobi, kuma kowane birkila zai iya. A fasa daɓe a kusurwa ɗaya, ko a haƙo daga waje ta ƙarƙashin harsashin gini, a yi rami mai girman bokiti. A zagaye shi da tsakuwa ko bulo mai ƙofofi, a sa bakin bututun roba mai inci 4 a ciki, a rufe saman ramin da siminti ba tare da an bar kafa ba. Bututun ya bi bango ya haura har ya wuce rufi, nesa da kowace taga, a sa masa hula don ruwan sama. Idan ta waje ya bi, a shafa masa baƙin fenti, zafin rana zai taimaka masa jan iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan tsari marar inji yana iya rage radon da fiye da rabi. Idan bai wadatar ba, a ɗaura wa bututun ƙaramar fanka a ɓangaren da ke waje. Dole ta yi aiki dare da rana, don haka idan da sola ce, sai da batir, tunda da dare ne aka fi bukatarta.

Mai sabon gini shi ya fi kowa sa'a. Kafin a zuba daɓe, a shimfiɗa tsakuwa mai kaurin santimita 10, a kafa bututun a cikinta, a rufe da leda mai kauri wadda bakunanta suka hau juna da santimita 30, sannan a zuba kankare. Kuma kada yashin wankin kuza ko dutsen da aka kwaso daga bakin mahaƙa ya shiga ginin, ko kyauta aka bayar.

Ruwan burtsatsen da aka haƙa cikin giranit shi ma yakan zo da radon, amma inda famfo yake a waje ana ɗiba a bokiti a juye a randa, yawancinta a iska take tafiya. Gidan da aka ja wa bututu har cikin rufaffen banɗaki ne ya kamata a buɗe masa taga, a kuma sa ruwan ya fara sauka a tankin da ke shan iska.

Bayan kowane gyara a kawo na'urar lantarki ta yi mako biyu don a ga alama, sannan a sake cikakken gwajin wata uku a ɗakin, a daidai wurin da aka sa ta farko, a kuma irin lokacin da aka yi na farko. Haka nan duk ranar da aka yi wa gida silin, aka sauya tagogi, aka ƙara ɗaki ko daɓe ya sake tsagewa, tsohuwar lambar ta tashi aiki, sai an sake awo.